Fitar da Jirgin da Ya Kafe: Nazari kan Zaɓen Kayan Ja a Kogin Kwara

Kogin Kwara yakan cika sau biyu a shekara a yankin Yawuri. Cikar farko ta damina ce, wadda kogunan Sakkwato da Rima da sauran rafukan kusa ke kawowa jawur da laka tsakanin Agusta da Oktoba. Ta biyu kuwa ruwan tsaunukan Gini ne, wanda kan shafe watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso a tace cikin hunturu. Da ta biyun ta wuce sai ruwa ya shiga janyewa, Tafkin Kainji ya yi ta sauka har cikin damina. Tudun yashi ya fito inda watan jiya ake wucewa ba fargaba, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 da aka gama madatsar su matso kusa da cikin jirgi. A wannan tsakanin ne manyan jiragen katako masu ɗaukar hatsi da itace da babura da mutane zuwa kasuwannin bakin ruwa suka fi kafewa.

Duk mai jirgin da ya taɓa kwana a kan tudun yashi da kayan mutane yakan dawo gida da niyyar sayen abin ja. Tambayarsa ta farko a gaban mai shago ita ce, «Tan nawa yake ja?» Tambayar tana da amfani, amma ba ita ya kamata ta zo farko ba. Winci, ko wane iri ne, yana tsakiya ne tsakanin abubuwa uku: nauyin jirgin da ya zauna a ƙasa, wurin da aka kafa aka ɗaure, da gurbin da aka kama a jikin jirgin. Idan ɗaya daga cikinsu ya gaza, lambar da aka buga a jikin wincin ba ta tsinana komai. Wannan nazari zai bi su ne don a ga irin kayan da ya dace da ruwanmu.

Akwai wani bambanci da ya kamata a fara da shi. Yawancin abin da aka rubuta kan fitar da jirgi daga masu tuƙi a teku ya fito, kuma shawararsu ta farko ita ce a jira teku ta tumbatsa, domin a bakin teku ruwa kan hau ya sauka kusan sau biyu a kowace rana. Mu ba mu da wannan gata. A kogi ko tafki lokacin rani, ruwa hanya ɗaya ya sani, ita ce ƙasa, sai fa idan an buɗe madatsa a sama. Jinkirin da ke taimakon mai jirgin Legas cutar da na Yawuri yake yi.

Ga lissafin abin. Jirgin da ke shawagi ruwa ne ke ɗauke da nauyinsa duka. Da ya hau yashi, ya ɗan ɗagu sama da inda ya saba zama, sai wani kaso na nauyin ya bar hannun ruwa ya koma kan ƙasa. Wannan kason kaɗai ake kokawa da shi. Mu ɗauki misalin jirgi mai tsawon mita 20 da faɗin mita 2.5. Saboda baki da gindi sun tsuke, faɗin jikinsa a daidai layin ruwa zai kai kimanin murabba'in mita 40. Kowane santimita ɗaya da jirgin ya ɗagu, ko ruwa ya sauka ya bar shi, daidai yake da lita 400 na ruwa, wato kilo 400 da suka koma kan yashi. Idan ya ɗagu santimita 10, tan 4 ne ke zaune a ƙasa. Idan aka kwana ana shawara ruwa ya ƙara sauka santimita 5, an wayi gari da ƙarin tan 2 ba tare da an ɗora ko buhu ɗaya ba.

Sai kuma irin ƙasar da aka hau. Alkaluman da rundunar ruwan Amurka ke amfani da su wajen ceto jirage sun nuna cewa ƙarfin jan da ake bukata a laka yana tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyin da ke ƙasa, a yashi kashi 30 zuwa 40, a dutse kuwa daga kashi 80 har ya zarce nauyin kansa ya kai kashi 150. Jirgin misalinmu mai tan 4 a kan yashi yana bukatar jan da ya kai tan 1.6. Amma a sauke buhu 30 na masara mai kilo 100 zuwa wani kwale-kwale, saura tan 1 a ƙasa, jan da ake bukata ya koma kilo 400. Wannan aikin mutum goma ne ko sha biyu da igiya mai kyau. Idan fasinjoji arba'in suka sauka suka tsaya a ruwa iya gwiwa, sun rage fiye da tan 2, kuma ga hannuwan turi an samu.

A nan ne ake samun gardama, kuma gardamar ba ta lissafi ba ce. Ɗan kasuwa ba ya son a taɓa buhunsa a tsakiyar ruwa, don jiƙewa da ɓata da kuɗin dako. Za ka ji ana ce wa direba, «Haba Malam, ka ƙara ba shi wuta mana, ai kaɗan ya rage.» Direba ya murɗa inji har ƙarshe, farfela ta tayar da yashi, ruwa ya yi jawur, jirgi ko gezau. Injin doki 40 irin wanda aka fi ɗaurawa a bayan jiragen nan ba ya ba da turin da ya kai rabin tan a tsaye, idan an sa shi baya ma bai kai haka ba. Yashin da ya tayar kuma shi yake zuƙa cikin hanyar ruwan sanyaya shi, ya cinye robar famfon, a wayi gari da jirgi a kafe da inji a lalace.

Manyan kamfanonin duniya ma da wannan ƙa'ida suke aiki. Lokacin da jirgin ruwa Ever Given, mai tsawon mita 400, ya tokare mashigin Suwez ranar 23 ga Maris 2021, jiragen ja fiye da goma sun yi kwanaki suna fama da shi. Bai kuɓuta ba sai ranar 29 ga wata, bayan an yashe kimanin mita kubik 30,000 na yashi da laka daga ƙarƙashinsa, kuma teku ta yi babbar cika ta tsakiyar wata. Shekara guda bayan haka wani jirgin mai suna Ever Forward ya kafe a mashigin Chesapeake na Amurka, aka ja sau biyu bai fita ba, sai da aka sauke kwantena kusan 500 sannan ya taso a watan Afrilu 2022. Darasin da mai jirgin katako zai ɗauka shi ne cewa shebur biyu da kwale-kwalen sauke kaya suna cikin kayan ja, kuma su ne mafi arha a cikinsu.

Laka tana da nata hali. Kasonta a lissafi ya fi na yashi sauƙi, amma tana tsotse cikin jirgi ta riƙe, musamman idan ya daɗe a zaune. Fizga ba ta karya wannan riƙo. Abin da ke karya shi shi ne ja mai ɗorewa, a ɗaure igiya ta yi tsam a bar ta haka, mutane su riƙa girgiza jirgin dama da hagu har ruwa ya sami hanyar kurɗawa tsakanin katako da taɓo. Wannan ya ba mu ma'auni na farko na zaɓen kaya: abin da zai riƙe jan da aka samu ba tare da ya saki ba ya fi abin da ke da ƙarfi na ɗan lokaci.

Mafi tsufa a cikin kayan shi ne igiya da fuli, wato ƙafar ƙarfe mai kwari da igiya ke bi ta kai. Marubucin Girka Fulutak ya ba da labarin yadda masanin lissafi Arkimidis ya ja jirgin Sarkin Sirakus da lodinsa shi kaɗai ta hanyar haɗa fuli da yawa. Ko da an yi ƙari a labarin, ƙa'idar tana nan daram. Fuli ɗaya da aka ɗaure a jikin jirgi, aka kafe bakin igiya a gaɓa aka ja ɗaya bakin, yana ninka ƙarfin masu ja sau biyu. Da fuli biyu ana haɗa mai ninki uku. Gogayya tana cin wani abu, kusan kashi 10 cikin 100 a kowane fuli na gama-gari, don haka ninki uku a takarda yakan zama biyu da rabi a zahiri. Mutum a kan ƙasa mai tauri da wuya ya ɗore da jan da ya wuce kilo 30 zuwa 40. Mutum shida ke nan da ninki uku za su ba da kimanin rabin tan. Farashin abin shi ne tsawon igiya, domin kafin jirgi ya matsa mita ɗaya sai an ja mita uku. Ga kwale-kwalen masunta da matsakaicin jirgi, a ganina wannan ya wadatar. Ba ya shan mai, ba ya bukatar batir, yashi ba ya kashe shi, kuma igiyar tana da wasu ayyuka goma a cikin jirgi.

Ƙaramin wincin nan mai haƙora da sanda, wanda ake gani a shagunan kayan mota, shi ya fi jan hankalin mai saye saboda arha da rashin nauyi. Illarsa gajartar waya. Yawancinsu ba su wuce mita 3 ko 4 ba, kuma babbar lambar da ke kan kwalin galibi ta lokacin da aka ninka wayar biyu ce, inda tafiyar ke komawa rabi. Ana ja kaɗan sai ganga ta cika, sai a tare jirgi da wata igiya, a warware, a sake kamu. Idan igiyar da aka haɗa da shi mai miƙewa ce, sai ka gama naɗe wayar duka jirgi bai san ana yi ba, don igiyar ta shanye tafiyar. Sarƙar ɗaga inji ta kanikawa ita ma haka take, ga nauyi, ga shi don rataye aka ƙera ta, idan aka kwantar da ita a yashi sai sarƙar hannu ta riƙa sarƙewa. Wincin lantarki irin na gaban motocin daji kuwa yana zuƙar amfiya ɗaruruwa idan ya ɗauki nauyi, alhali yawancin injinan jiragenmu da igiya ake tayar da su, babu batir balle abin cajinsa. Ban ga dalilin da mai jirgin katako zai kashe kuɗinsa a kai ba.

Wanda ya fi dacewa da manyan jirage shi ne irin wanda kamfanin Tractel na Faransa ya fito da shi a tsakiyar ƙarni na 20 da sunan Tirfor. Ba shi da ganga. Waya tana shiga ta baki ɗaya ta fita ta ɗaya, a ciki kuma akwai muƙamuƙai biyu na ƙarfe da ke kama ta bi da bi, kamar yadda mai jan guga ke sauya hannu a kan igiyar rijiya: ɗaya ya riƙe, ɗaya ya miƙa ya kamo. Iya nauyin da ya hau wayar, iya tsananin riƙon muƙamuƙan. Amfanin wannan tsari uku ne a wurinmu. Tsawon waya ba shi da iyaka, ko mita 20 ko 60, duk wadda ka saya. Ƙarfin jan ba ya raguwa, saɓanin mai ganga wanda ke rasa ƙarfi duk lokacin da waya ta ƙara hawa kan 'yar'uwarta. Sannan yana da sanda ta biyu ta sassautawa a hankali, ba a sakin nauyi gaba ɗaya. Ana yin sa girma uku da aka fi sani: na kilo 800, na kilo 1,600, da na kilo 3,200, da wayoyi masu kaurin milimita 8.3 da 11.5 da 16.3. Na tsakiyar mutum ɗaya na iya saɓa shi a kafaɗa, kuma da fuli ɗaya mai ƙarfi jansa zai kusan kai tan 3. Shi nake ganin ya dace da jirgin kasuwa. Babban yana da kyau, amma wayarsa kaɗai kaya ce, kuma jan da yake bayarwa ya wuce abin da jikin jirgin katako da yawa zai jure.

Aiki da shi yana da nawa. Kowane kai da komo na sanda santimita kaɗan yake ci, mutum ya yi ta yi har gumi ya jiƙa shi kafin jirgi ya matsa taku biyu. Wannan nawar alheri ce, domin tana ba mai kula damar jin ƙarar katako da ganin turke idan ya fara tasowa. A gindin sandar akwai 'yar ƙusa mai taushi da aka yi musamman don ta karye idan nauyi ya wuce kima, kuma ko ta karye muƙamuƙan suna nan riƙe da waya. Babban ganganci shi ne a maye gurbinta da ƙusar kafinta, ko a zura bututu a sandar don ƙara mata tsawo. Wanda ya yi haka ya cire abin da ke tsakaninsa da tsinkewar waya. Wayar ma tata ce ta musamman, idan aka sa wata mai kauri daban sai ta zame ko ta cije. Bayan kowane aiki sai an wanke yashi daga cikinsa an zuba mai sosai. Kwaikwayonsa sun cika kasuwa, wasu na da kyau, wasu lambar jikinsu ta fi ƙarfinsu, don haka a gwada sabo a tudu da nauyin da aka sani kafin a dogara da shi a ruwa.

Akwai kuma wincin fetur na ɗauka a hannu, mai ƙaramin inji da ke juya dunƙulen ƙarfe a naɗa igiya a kai sau uku ko huɗu. Yana jan kusan tan ɗaya da sauri, igiyarsa ba iyaka. Tsada da wahalar kayan gyara ne suka sa ya fi dacewa da hukuma ko kamfani.

Batun igiya bai kamata a wuce shi da gaggawa ba, don a nan ake rasa ido da ƙafa, wani lokaci rai. Shuɗiyar igiyar roba da ta cika kasuwanninmu tana shawagi a ruwa, tana da arha, amma rana tana cinye ta. Idan ka murza ta ka ga gari na zuba ko zaren ya yi kaushi yana tsinkewa, ta gama aiki ko da launinta na nan. Nailan ya fi ta ƙarfi, sai dai yana miƙewa ƙwarai, yana tara ƙarfin jan a jikinsa, idan ya tsinke ko ƙugiya ta fice sai ya dawo da gudun da ba a kauce masa. Yana kuma rasa wani kaso na ƙarfinsa idan ya jiƙe. Don ja da winci, igiyar foliyesta marar miƙewa ko wayar ƙarfe ta fi. Kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani da kashi ɗaya cikin uku, wani har rabi. Doka ɗaya ba ta da sassauci: kada kowa ya tsaya a kan layin igiyar da ke ɗauke da nauyi, ko cikin kusurwar da ta yi a fuli, yara kuma a kore su nesa. Jiƙaƙƙen buhu ko bargo da aka rataya a tsakiyar waya yana rage tsallenta idan ta tsinke.

Yanzu ga matsalar da ta fi kowace wuya a tsakiyar kogi: a ina za a ɗaure? Winci yana jan gefe biyu daidai wa daida. Idan yana jan jirgi da tan ɗaya da rabi, yana jan abin da aka ɗaure shi da tan ɗaya da rabi, wanda ya fi rauni shi zai taso. Idan akwai itace mai rai a gaɓa an huta, a ɗaure a gindinsa can ƙasa da ɗamara mai faɗi. A tudun yashi kuwa babu itace. Abin yi shi ne binne gungume: a haƙa rami mai zurfin kusan mita ɗaya a gicciye da hanyar jan, bangonsa na gaba a miƙe ba a taɓa shi ba, a kwantar da gungume mai kauri da tsawon mita biyu a ciki, a tsaga siririyar hanya mai gangare inda sarƙa za ta fito ba tare da ta ɗaga gungumen sama ba, sannan a mayar da yashi a tattake. Wannan siririyar hanyar ita ake yawan mantawa, ita ce kuma ke raba gungumen da ya riƙe da wanda ya fito kamar an tone rogo. Inda ƙasa ke da tauri, turaku uku a jere, an karkatar da kawunansu baya an ɗaure kan na gaba da gindin na bayansa, suna riƙo fiye da kowane ɗaya shi kaɗai.

Sai dai jirgi baya ake son ya koma, ta hanyar da ya shigo, can kuwa ruwa ne mai zurfi, ba a haƙa rami. A nan anka ke shigowa. Dutse ko tsohon ƙarfen mota da ake jefawa don tsayar da kwale-kwale nauyinsa kaɗai yake riƙewa da shi, winci zai jawo shi kamar wasa. Ana bukatar anka mai faffaɗan kunnuwa da ke nutsewa cikin yashi gwargwadon jan da aka yi masa, irin wanda Richard Danforth ya ƙera a Amurka a wajen farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen sauke sojoji a gaɓa sukan jefa anka a baya kafin su hau yashi, su ja kansu da shi idan za su koma. A ɗauke shi a kwale-kwale a kai shi nesa, tsawon igiya ya ninka zurfin ruwa aƙalla sau biyar zuwa bakwai, don jan ya zo a kwance. Kafa ankan ya kamata ya zama aikin farko tun kafin a sauke buhu ɗaya, in ba haka ba jirgin da aka rage wa nauyi ruwa zai ƙara tura shi kan tudu, ko ya juya shi a gicciye yashi ya taru a gefensa.

Gurbin kamu a jikin jirgi shi ne na uku cikin abubuwan da muka lissafa a farko. Jirgin katako ƙusoshi ne suka haɗa shi, an yi shi ne don ruwa ya tallafe shi ta ko'ina. Idan aka tattara tan biyu a kan katakon zama ɗaya ko zoben ɗaure jirgi, shi zai fita ya bar jirgin. Ɗamara mai faɗi ko igiya mai kauri ake zagaya jikin jirgin gaba ɗaya, ƙasa-ƙasa kusa da layin ruwa, a sa tsohuwar taya ko buhu a kusurwoyi, a haɗe bakunan biyu nesa da jirgin. Idan aka haɗe su kusa har kusurwar da ke tsakaninsu ta buɗe ta kai digiri 120, kowane reshe yana ɗauke da cikakken nauyin jan, kuma yana matse haƙarƙarin jirgin ciki.

Duk wannan magana ta yashi da laka ce. Dutse da kututture wani babi ne, kuma tarihin kogin ya shaida haka. A duwatsun Bussa, waɗanda yanzu suke ƙarƙashin tafki, jirgin Baturen nan mai yawon bincike Mungo Park ya maƙale a 1806, a nan kuma ya halaka. A 1857 jirgin tururi Dayspring na tawagar wani Bature mai suna Baikie ya fashe a kan dutse kusa da Jebba. Jirgin da ya hau kututture ko dutse, kafin a taɓa winci sai an shiga an duba cikinsa. Wani lokaci abin da ya huda shi shi ne ya toshe hudar, kuma shi ke riƙe da shi a sama. A ja shi da ƙarfi, katako ya yage, a kai shi ruwa mai zurfi ya nutse da kayan da suka rage. A irin wannan hali ɗagawa ake yi: a kwashe kaya da mutane zuwa ɓangaren da ke shawagi don wanda ya hau ya taso, a toshe huda daga ciki, a ɗaura jarkoki ko durom marasa komai a gefe, kowane durom mai lita 200 yana ɗaga kusan kilo 180. Sai ya rabu da abin da ya soke shi sannan a ja a hankali zuwa wuri marar zurfi.

An ƙaddamar da yashe ƙasan kogin daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, a 2009, amma yashi abu ne da kowace ambaliya ke sake shimfiɗawa, kuma aikin bai shafi hanyoyin da jiragen kasuwa ke bi a saman Jebba ba. Kafewa za ta ci gaba da zama cikin sana'ar. Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne a raba kayan gida biyu. Kowane jirgi ya riƙe nasa na kullum: doguwar igiya marar miƙewa, fuli biyu, shebur biyu, da anka na gaske. Wincin waya na kilo 1,600 da fulinsa da ɗamarar zagaye da sarƙa kuwa ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, kuma ba kullum ake bukatarsa ba. Ƙungiyar masu jirage ta kowace tasha tana iya mallakar guda, a ajiye a hannun Sarkin Ruwa ko shugaban tasha, a sa mutum biyu ko uku su ƙware da shi, su ne za su riƙa wanke shi, su duba wayar ko ta fara tsintsinkewa, su tanadi ƙusoshin karyewa na asali. Yanzu da wayar salula ke hannun kusan kowane direba, ƙaramin jirgi mai inji zai iya kai kayan wurin da aka kafe a ranar, kafin ruwa ya ƙara sauka.